Zan iya zama da iyalina a cikin ginin ƙarfen da nake walda a ciki?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara buɗi. Na karanta tambayarka har sau biyu. Kace kana da fili a bayan gari ka kafa ginin ƙarfe irin na sito, ginshiƙan ƙarfe da kwano sama da gefe, tsawonsa mita 24 faɗi 12, a ciki kake walda kana haɗa ƙofofi da tagogi, kuɗin haya ya ishe ka shine kake so ka yanki kashi ɗaya cikin uku kayi ɗaki biyu da falo da kicin ka dawo da uwargida da yara uku, kuma niyyarka ka raba da falanki ka buga silin roba a sama. Toh zai yiwu, amma ba da falanki ba, ba kuma da silin roba ba, dan Allah wannan ka cire shi daga ranka tun yanzu. Ni aikin gine-ginen ƙarfe nake yi shekara da shekaru, kuma abin da nake gaya wa duk wanda yazo min da irin wannan shawara shine ka ɗauka gini biyu zaka yi, kawai dai sun haɗa rufi. Iskar da ke yawo a shago kada ta san hanyar ɗakin yara.

Bari in fara da abin da mutane suka fi ruɗuwa a kansa. Sai kaji ance ai ƙarfe baya cin wuta. Gaskiya ne baya kamawa, amma yana laushi, kai da kake walda ka fini sanin haka, ƙarfen gini in zafinsa ya kai wajen digiri 550 zuwa 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma gobarar da ta samu fenti da tina da taya da katako tana wuce wannan zafin cikin mintuna. Ƙarafunan rufi siraru ne, su suke fara lanƙwashewa, in suka lanƙwashe sai su jawo kwanon gaba ɗaya ƙasa, harda ɓangaren da wutar bata kai ba, tunda duk a ɗaure suke da juna. Sannan ginin kwano kamar tukunya yake da murfi, hayaƙi baya samun wajen fita, sai ya taru a sama ya bi ƙarƙashin kwano ya gangara duk inda ya samu sarari. A gobarar gida hayaƙi ne yake kashe mafi yawan mutane kafin harshen wuta ya iso su, suna barci.

Shi yasa maganar bango ita ce uwa. Bulo mai inci tara, a cika shi da kyau, a yi masa filasta ciki da baya, kuma ya tashi tun daga ƙasa har ya taɓa kwano. Nan ne kusan kowa yake faɗuwa, magini zai ɗaga bango ya kai daidai silin, mita uku, ya tsaya, yace ai an gama tunda ido baya ganin sama. Alhali tsakanin silin da kwano akwai wani fili buɗe fayau da ya haɗa shagon da ɗakin kwana. Na taɓa zuwa duba wani gini haka, mai shi kafinta ne, matarsa kullum tana fama da ciwon kai da tari, jaririnsu ma haka, na sa tsani na ɗaga silin ɗakin ɗaya na leƙa, wallahi ina hango fitilar shagon daga nan, kuma bayan silin ɗin duk garin katako ne ya kwanta kamar an barbaɗa. Tartsatsi ɗaya ya ishi wurin nan. Saboda haka bangon ya kai kwano, kuma ramukan da lanƙwasar kwano take bari a saman bango a toshe su da abin da baya ci, siminti ko audugar dutse, banda soso banda tsumma banda buhun siminti da ake cusawa. In da hali abin da yafi shine a yanke kwanon a daidai wurin, bangon ya huda rufin ya ɗan fito sama kamar rabin mita, kowane ɓangare da nasa rufin da nasa ƙarafunan, kaga ko na shago ya rufta ba zai ja na gida ba. In kuma baka son taɓa rufin, toh ka yi wa ɓangaren gidan dakin, wato rufin kankare, ya zama ɗaki ne cikakke da kansa a cikin sito, kamar akwati a cikin akwati. Ya fi tsada, amma ni shi nafi natsuwa da shi, ga sanyi ga rage ƙara. Duk inda bututu ko waya ta huda bangon nan a liƙe gefenta da siminti, kuma kada a saka taga ko ɗan ramin miƙo abinci a jikinsa ko da ƙarami ne.

A Amurka, musamman irin su Texas da karkarar tsakiyar ƙasar, wannan tsarin na gida da wajen aiki a ginin ƙarfe ɗaya ya zama ruwan dare, kuma dokar gininsu ta gidajen zama ta faɗi abubuwa ƙarara ko akan garejin mota ma: dole a raba shi da gida da allon jibsam mai kaurin rabin inci aƙalla, in akwai ɗaki a samansa a sa wanda yafi kauri mai jure wuta, ƙofar da ke tsakani ta zama ta katako cikakke ko ƙarfe ko mai jure wuta na minti 20, kuma an hana gareji ya buɗe kai tsaye cikin ɗakin da ake kwana. Wannan fa na ajiye mota ne kawai, kai kuma wuta kake kunnawa da hannunka daga safe zuwa yamma. Mu nan bulo ya fi mana sauƙin samu kuma ya fi allon nan ƙarfi nesa ba kusa ba, toh babu dalilin yin ƙasa da su.

Maganar ƙofa kuma, shawarata kada ma ayi ƙofa tsakanin shago da gida. Ka fita ta ƙofar gidanka ka zagaya ka shiga ta ƙofar shago, taku ashirin ne. Iyayenmu ma ai haka suka yi, maƙera a waje take, ba a hura zuga a tsakar gida kusa da ɗakin mata. In ka matsa sai kayi, toh kayi zaure a tsakani, ɗan ƙaramin ɗaki mai ƙofa biyu, ɗaya ta shago ɗaya ta gida, da taga ko buɗaɗɗen wuri da ke kallon waje dan iska ta riƙa wucewa, ƙofar ɓangaren shago ta ƙarfe mai nauyi wadda take rufe kanta da sifirin, da makulli a sama inda hannun yaro baya kaiwa. Zauren nan zai maka amfani kala-kala, nan zaka cire kayan aiki da takalmi ka rataye, nan zaka sa famfo ka wanke hannu da fuska, kuma yaran shago da masu kawo aiki basa leƙa maka cikin gida, uwargida ta sake a gidanta. Sannan daɓen shago ya zama ƙasa da na gida da taki ɗaya, kamar santimita 15, ya ɗan gangara wajen babbar ƙofa, saboda tururin fetur da tina da gas ɗin girki duk sun fi iska nauyi, ƙasa suke bi suna rarrafe kamar ruwa har su samu wuta, kada gangaren ya kai su wajen kicin.

Baka ce zaka yi bene ba amma nasan tunanin yana zuwa ma mutane in suka ga tsayin ginin, suce bari a ɗora ɗakuna a sama shago a ƙasa. Ga mai walda ni bana ba da wannan shawarar sam. Zafi da hayaƙi sama suke tafiya, matakala kuma tana zame musu bututu. Wanda ya riga yayi, matakalar ta koma waje, kuma ƙasan ɗakunan ya zama kankare.

Yanzu abin da yafi gobara yawan faruwa, wanda baya zuwa da ihu, shine iskar da ake shaƙa kullum. Hayaƙin walda ba wasa bane, a 2017 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. In ka ƙona ƙarfe mai rufin zinki, farin hayaƙin nan da kake gani shine yake sa ka kwana da zazzaɓi da ɗacin baki kace maleriya ce, kuma madarar da 'yan walda suke sha bata wanke komai daga huhu, ciki take tafiya. Huhun yaro ƙarami ne kuma yana numfashi da sauri fiye da naka. Saboda haka ka sa fanka mai zuƙe iska waje a bangon shago na can ƙarshe, nesa da gidan, kusa da teburin walda, ka bar wajen shigar iska ta ɗaya gefen, manufar ita ce ko akwai 'yar kafa tsakanin gida da shago iskar ta riƙa tafiya daga gida zuwa shago ba akasin haka ba. Ka lura da iskar gari ma, da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, kada bakin fankar ya zama yana hura ma tagar ɗakin kwana a ɗaya daga cikin lokutan nan. Fenti na feshi kuwa kada kayi shi a cikin ginin nan ko kaɗan, kayi rumfa daban a waje.

Sai dalma, kuma wannan ina so ka ji ni da kyau. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega, yara wajen 400 suka rasu. Ba guba aka zuba musu ba, iyayensu ne suke kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka ana niƙa a tsakar gida, ƙurar mai ɗauke da dalma ta kwanta a ƙasa, yara suna rarrafe suna sa hannu a baki. Sana'a ce ta shigo gida. Kai ba zinare kake niƙa ba, amma tsohon ƙarfe mai tsohon fenti da kake gogewa da giranda yana iya zama da dalma, batirin mota da dalma, likin lagireto da dalma. Dalma bata da adadin da za a ce ba komai a jikin yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa ne kuma abin da ta ɓata baya dawowa. Kayan aikinka kada su shiga ɗaki, kada a wanke su tare da na yara, kada ka ɗauki jariri kafin ka wanke, kada a fasa batir a harabar gidan, kuma shara a shago a yayyafa ruwa kafin a share.

Janareto. Duk shekara sai munji labarin iyali guda an wayi gari an same su babu rai saboda an shigo da janareto ciki tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Iskar kabon monoksayid da yake fitarwa bata da wari bata da kala, mutum zai ji ciwon kai da kasala ya kwanta shikenan. Kada kace ai a shago na sa shi bango ya raba mu. Ka gina masa keji a waje, mita shida daga kowace taga ko ƙofa, salansa yana kallon nesa da gini. Haka babur ko mota, kada a bar su suna aiki a cikin shagon a rufe. Gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi ma iskar ɗaya ce. Akwai 'yar na'ura mai batir da take ƙara in ta ji wannan iskar, ka sa ɗaya a hanyar ɗakunan kwana, da mai jin hayaƙi a kowane ɗaki da falo. A shago mai jin hayaƙi zai dame ka da ihu kullum har ka cire batirin, can mai jin zafi ake sawa.

Wutar lantarki a ginin ƙarfe tana da nata hatsarin daban, domin waya ɗaya in ta fashe ta taɓa ƙarfe gaba ɗaya ginin ya zama mai ja, yaro ya dafa ginshiƙi ƙafa a jiƙe, Allah ya kiyaye. Ka samu mai wayarin na gaske ya ɗaure ƙarafunan ginin da atin mai kyau, sandar jan ƙarfe a ƙasa mai danshi, a auna ta da mita ba da ido ba. Gida da allon birekansa, shago da nasa, kuma a gida a sa bireka mai katsewa da kanta in wuta ta zurare, ta miliyam 30, ita ce take ceton rai. Duk waya ta bi cikin bututu, domin bakin kwano wuƙa ne kuma zafin rana yana cinye roba. Sai wata ɗabi'a ta 'yan walda da nake roƙonka ka bari: maƙala wayar atin ta injin walda a jikin ginshiƙin gini ko a jefa ta kan wani ƙarfe can nesa. In kayi haka wutar waldar tana neman hanyar komawa ta duk inda ta samu, ta ƙusoshin kwano, ta siririyar wayar atin ɗin gidanka, ta zafafa ta a cikin silin inda ba mai gani. Ka maƙala ta a jikin abin da kake waldawa, kusa da wajen. Ka sa babban makunni ɗaya a bakin ƙofa da zaka kashe shagon gaba ɗaya in ka tashi. In kana da sola, batiran su samu ɗan ɗakinsu mai iska, ba a shago ba ba a ɗakin kwana ba.

Tartsatsin walda da giranda yana iya tashi har mita goma sha ɗaya, shi yasa ƙa'idar aikin wuta tace a share duk abin da zai ci a wannan tazarar ko a rufe shi. A gininka mai faɗin mita 12 kaga kusan duk faɗin kenan, toh teburin walda ya koma can ƙarshen da yafi nisa da bangon gida, kusa da bangon kuma ka jera rodi da fayif da falange, abubuwan da basa ci. Fetur, tina, fenti, su koma wani ɗan sito a waje mai makulli. Silindar oksijin da ta gas a tsaye, a ɗaure da sarƙa, in ajiya ce a raba su da mita shida ko ɗan bango a tsakani, kuma maiko ko giris kada ya taɓa kan silindar oksijin. In kana amfani da tukunyar kabayid mai samar da gas ɗin walda, wannan kam a waje take zama, ba ta kwana a ginin da mutane suke barci. Tankin mai ko duro da aka taɓa zuba fetur, kada ka karɓi aikin waldarsa a nan ko nawa za a biya. Kuma ka daina aikin wuta awa ɗaya kafin ka rufe, kayi gyare-gyare da shara a wannan lokacin kana zagayawa kana shinshinawa, yawancin gobarar shago bayan an kulle an tafi take tashi, daga ɗan tartsatsin da ya faɗa cikin tsumma tun la'asar. Tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo tara, ɗaya a bakin ƙofar shago ɗaya a gida kusa da kicin, da bokitin yashi, ka koya wa uwargida yadda ake cire fil a danna, a nufi gindin wutar. Ruwa ba a zuba shi a wutar fetur ko ta lantarki.

Zafi kuma ka san Afrilu a ƙasar nan, digiri 40 da ɗoriya a inuwa, ƙarƙashin kwano ba a magana. Za a zo maka da farin soso irin na cikin kwalin talabijin, ko kwano mai soso a tsakiya, ace yana hana zafi. Yana hanawa, amma yana ci da wuta yana narkewa yana ɗiga, hayaƙinsa baƙi mai guba, silin roba ma haka. Audugar dutse ko ta gilashi ka nema, silin kuma na jibsam ko fi-o-fi. Ƙara ma bulon da dakin zasu rage ta sosai, sai dai ƙarfe yana kai sauti nesa, kada ka ɗaure maƙera ko teburin dukan ƙarfe a jikin ginshiƙi. Hasken walda kuma ka kare shi da allon kwano, yara suna son tsayawa kallo, kuma ka san yadda ido yake kwana kamar an zuba yashi.

Abu ɗaya da nasan zai maka nauyi a matsayinka na mai ƙera su: ƙarafunan taga. Mun sha jin gidajen da mutane suka ƙone suna riƙe da ƙarfen taga maƙwabta suna waje sun kasa ɓallewa. Kowane ɗakin kwana a yi masa taga ɗaya da ƙarfenta yake buɗewa daga ciki da sakata, ba kwaɗon da za a tsaya neman makulli cikin duhu ba, kai da kanka zaka iya haɗa ta a yini ɗaya. Gidan ya samu ƙofar fita biyu, babu wadda ta bi ta shago, ɗakunan kwana su koma can bangon ƙarshe, banɗaki da sito su zauna a jikin bangon da ya raba ku. Kicin kada ya jingina da wannan bangon, silindar girki a waje cikin keji. Baƙin mai da ruwan wankin shago kada su gangara wajen rijiya.

Kafin ka sa bulo ɗaya ka kai zanen hukumar tsara birni, in a Kano kake KNUPDA, domin izinin sito daban na gidan zama daban, kuma ka gayyaci 'yan kwana-kwana su zo su duba. Injiniya ma ya kalli tushen ginin, daɓen sito ba lallai ya ɗauki bangon inci tara mai tsayin mita biyar ko shida ba, irin wannan bangon yana son nasa tushen da filoli da bim a tsakiya, in ba haka ba shi kansa hatsari ne. In kuɗin bai kai ayi duka lokaci ɗaya ba, ka fara da bangon da wayarin da kejin janareto, tayil da fenti su jira, iyali kuma su ƙara 'yan watanni a gidan haya har a gama waɗannan ukun. Ka turo min zanen filin da inda ƙofar shagon take kallo da inda rijiya take, sai in nuna maka gefen da ya kamata gidan ya zauna.